Daga Fagen Rawa Zuwa Kujerar Alƙali: Ribar Da Ke Ciki Da Haɗarinta

A watan Maris na 2025, gidan talabijin na ITV da ke Birtaniya ya ba da sanarwar jingine shirinsa na gasar rawa a kan ƙanƙara, mai suna Dancing on Ice, ba tare da ya faɗi ranar da zai dawo da shi ba. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Oti Mabuse, 'yar Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikin alƙalan shirin su huɗu. Shekara uku kafin nan ne wannan mata ta ajiye aikin rawa a babbar gasar BBC, a daidai lokacin da tauraruwarta ke haskawa, ta koma kujerar masu ba da maki. Sai ga shi kujerar ta tafi tare da shirin.

Mai karatu da ke zaune a rumfarsa zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Gaskiya ne irin wannan rawa ta Turawa, mace da namiji riƙe da juna, ba al'adarmu ba ce. To amma idan aka ɗaga labulen, abin da ke baya kasuwa ce sosai, mai jari da riba da karyewa. Tambayar da ke cikinta kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk mai neman na kansa: mutumin da jikinsa ne jarinsa, ina zai nufa kafin jarin ya ƙare? Kuma rumfar da zai koma, tasa ce ko ta haya?

Yadda kasuwar take

A watan Mayu na 2004 ne BBC ta fara shirin Strictly Come Dancing. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana ɗauko fitattun mutane waɗanda ba su iya rawa ba, kamar 'yan wasan kwaikwayo da 'yan jarida da 'yan wasannin motsa jiki, a haɗa kowannensu da gwanin rawa guda. Gwanin ne zai tsara rawar, ya koyar da ita cikin mako ɗaya, ran Asabar da dare su fito gaban jama'a su yi ta cikin kamar minti ɗaya da rabi. Alƙalai huɗu na zaune, kowa zai ɗaga allon maki daga 1 zuwa 10, jimla 40. Daga nan sai a haɗa matsayin da alƙalai suka bayar da ƙuri'un masu kallo a gida. Rukuni biyu da suka zo ƙarshe za su sake karawa, alƙalai su zaɓi wanda zai tsira. A ranar ƙarshe kuwa, ƙuri'ar jama'a kaɗai ke fid da zakara.

Shirin ya samu karɓuwa har BBC ta sayar da tsarinsa ga ƙasashe fiye da 50. Amurka ta fara nata a 2005 da sunan Dancing with the Stars, Jamus ta fara nata a 2006 da sunan Let's Dance. Wannan ne ya buɗe wa 'yan rawar gasa wata sabuwar hanyar abinci, domin kafin nan yawancinsu ba a san su ba sai a zaurukan gasa da makarantun koyar da rawa.

Sai dai a kowane zango na gasar Birtaniya ana haɗa gwanayen rawa wajen 15 da abokan rawarsu, alhali kujerun alƙalai huɗu ne kacal. Duk mai lissafi ya san abin da wannan ke nufi. Masu nema sun yi yawa, rumfuna kaɗan ne.

Jarin da ke narkewa

Me ya sa gwanin rawa ke hangen kujera tun yana kan ganiyarsa? Dalili na farko jiki ne. Gwiwa da idon sawu da baya su ne kayan aikinsa, kuma ba a sayen sababbi idan sun lalace. Daga watan Satumba zuwa Disamba yana wuni a ɗakin atisaye, yana jan wanda bai iya ba, wani lokaci har da ɗaga shi sama. Targaɗe ɗaya na iya raba shi da zangon gaba ɗaya.

Dalili na biyu shi ne rashin tabbas. Kwantiragin gwanin rawa ana sabunta shi ne zango bayan zango. Brendan Cole, ɗan ƙasar New Zealand, yana cikin waɗanda aka fara shirin da su, shi ne ma ya ci gasar farko a 2004. A watan Janairu na 2018 da bakinsa ya bayyana a talabijin cewa BBC ba ta sabunta kwantiraginsa ba, bayan zango 15.

Dalili na uku, sakamakon gwanin rawa ba a hannunsa yake ba. Idan aka haɗa shi da wanda ƙafarsa ba ta jin kiɗa, ko shi ne sarkin rawar duniya, makonni kaɗan zai yi ya koma gida.

Kujerar alƙali ba ta da waɗannan matsaloli. Alƙali yana nan daga daren farko har na ƙarshe, kowa ya faɗi shi yana zaune. Tsufa ma ƙara masa kwarjini yake yi. A duba marigayi Len Goodman, shugaban alƙalan farko na gasar Birtaniya. A ƙuruciyarsa walda ya koya a wurin ƙera jiragen ruwa, bai fara rawa ba sai yana da shekara 19, ya kuma bar gasa tun kafin ya kai 30. Yana da shekara 60 aka ba shi kujera a 2004. Ya riƙe ta Birtaniya har 2016, ta Amurka kuwa har 2022, yana da shekara 78, 'yan watanni kafin rasuwarsa a Afrilun 2023. Shekarun da ya yi yana ɗaga allon maki a talabijin sun zarce waɗanda ya yi yana gasa nesa ba kusa ba.

'Yan gida ɗaya, hanya biyu

Labarin 'yan gidan Mabuse ya fi kowanne nuna yadda ake wannan ƙaura. An haifi babbar, Motsi, a 1981, a zamanin mulkin wariyar launin fata, lokacin da yaran baƙar fata ba su da wuraren koyon irin wannan rawa kamar na Turawa. Ta fara karatun lauya a Jami'ar Piritoriya, ta bar shi ta bi rawa, ta koma Jamus a shekarar 2000. A can ta zama zakarar ƙasa a rawar da ake kira ta Latin Amurka. Ta shiga shirin Let's Dance na gidan talabijin na RTL a matsayin gwanar rawa a 2007, sannan a 2011 aka ba ta kujerar alƙalanci, tana dab da cika shekara 30. Abin lura shi ne ta hau kujerar tun ba ta daina gasa ba, sai a 2014 ta yi sallama da fagen. A 2019 BBC ta ɗauko ta ta maye gurbin Darcey Bussell. Daga nan ta zama mai kasuwa biyu: watannin farkon shekara tana alƙalanci a Jamus, watannin ƙarshe tana zirga-zirga zuwa Ingila.

Ƙanwarta Oti, wadda aka haifa a Piritoriya a 1990, ta yi karatun injiniyan gine-gine kafin ita ma ta bi sawun yayarta zuwa Jamus. Ta shiga gasar BBC a 2015. A 2019 aka haɗa ta da ɗan wasan kwaikwayo Kelvin Fletcher, wanda aka kira a ƙurarren lokaci domin ya maye gurbin wani da ya ji rauni, suka ci kofin. A 2020 ta sake ci tare da ɗan barkwanci Bill Bailey, mai shekara 55 a lokacin. Ita ce gwanar rawa ta farko da ta ci gasar shekara biyu a jere.

Amma ba ta jira ta ga ƙarshen tashenta ba. Tun a 2019 ta fara zama a teburin wani shirin gasar rawa na BBC, The Greatest Dancer. A 2021 ta shiga cikin alƙalan The Masked Dancer na ITV. A Janairun 2022 ta hau kujerar Dancing on Ice, a watan da ya biyo baya kuma ta ba da sanarwar barin Strictly, tana da shekara 31. Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Ta sayar da hajarta ne ranar da farashi ya kai ƙololuwa. Da ta ƙara shekara uku tana fita a makonnin farko, da ba lallai ne a riƙa kiranta da darajar da aka kira ta ba.

Sabon jari: amana

Ranar da gwanin rawa ya zauna a kujera, jarinsa ya tashi daga ƙafa ya koma baki. Abin da yake sayarwa yanzu shi ne yardar mutane cewa makinsa na gaskiya ne. Mutanen kasuwa sun fi kowa sanin wannan, domin dillalin da aka taɓa kamawa ya karkata ga ɓangare ɗaya, ya gama cin kasuwarsa.

Wannan jarrabawa ta faɗa wa Motsi tun zangonta na farko a BBC. Shekarar da ta hau kujera ita ce shekarar da ƙanwarta ta ci kofi, shekara ta biye kuma ta sake ci. Ba abin mamaki ba ne da wasu masu kallo suka riƙa gunagunin son kai. To amma mai adalci zai duba abubuwa uku. Na ɗaya, makinta ɗaya ne cikin na sauran alƙalai, kuma a bainar jama'a take ɗaga shi, duk wanda ya ga ya saɓa wa na sauran zai gane. Na biyu, a daren ƙarshe makin alƙalai ba ya shiga lissafi, jama'a ne suka ba Oti kofunan biyu. Na uku, a 2021 da Oti da abokin rawarta, tsohon ɗan wasan zari-ruga Ugo Monye, suka faɗa karawar raba-gardama a mako na biyar, alƙalai sun zaɓi abokan karawarsu ne, Motsi na cikin waɗanda suka kaɗa wannan ƙuri'a. Ga shi kuma ba sabon abu ba ne a wurinsu, don a 2015 da 2016 ma Motsi ta yi wa ƙanwarta alƙalanci a gasar Jamus.

Duk da haka, gunagunin yana da darasi. Ko ba 'yan'uwantaka, duk wanda ya taso daga fage zai yi wa abokan aikinsa na jiya hukunci ne. Sun ci abinci tare, sun yi tafiye-tafiye tare, wasu sun yi saɓani. Idan ya sassauta a ce abota ce, idan ya tsananta a ce tsohuwar gaba ce. A gefe guda kuma, shi ne ya san wahalar da ke bayan minti ɗaya da rabin nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ilimi ya ƙara daraja a 2024, lokacin da koke-koke suka fito kan yadda ake mu'amala a ɗakunan atisaye, gwanaye biyu suka bar shirin, BBC ta gudanar da bincike, ta kuma sa ma'aikacinta ya riƙa zama a wurin kowane atisaye. Alƙalin da ya taɓa koyar da ɗan koyo cikin kwana biyar ya san irin matsin da neman maki 10 ke jefa mutane a ciki.

Akwai kuma kuɗin goro da ake biya wa kujerar. Shirley Ballas, wadda ta gaji Len Goodman a shugabancin alƙalai a 2017, ta bayyana a 2023 cewa zagin da take sha a intanet ya sa ta yi tunanin ajiye aikin. Mai rawa tafi yake samu, alƙali kuwa duk mako sai ya ɓata wa magoya bayan wani rai.

Kujerar ta wa ce?

A nan ne maganar ta fi nauyi. Mutane da yawa na ɗauka cewa kujerar alƙalanci sakayya ce ta gwaninta, wanda ya fi iyawa shi za a ba. Tarihin shirin bai nuna haka ba.

A 2009 BBC ta sauke Arlene Phillips, ƙwararriyar mai tsara rawa, mai shekara 66, ta ɗora mawaƙiya Alesha Dixon mai shekara 30, wadda alaƙarta da wannan fage ita ce ta ci gasar a 2007 a matsayin 'yar koyo. Aka yi ta ce-ce-ku-ce kan nuna wa mata bambanci saboda shekaru, har maganar ta kai zauren majalisar dokokin Birtaniya. Amma BBC ba ta janye ba.

Sai kuma Anton Du Beke, wanda ya yi rawa a shirin tun daga 2004 har 2020 bai taɓa cin kofi ba. Shi ne gwanin rawa na farko da ya tashi daga fagen gasar Birtaniya ya samu kujerar dindindin a cikinta, kuma annobar korona ce ta buɗe masa ƙofa. A Nuwamban 2020 ya riƙe wa Motsi kujera na mako biyu, saboda ta je Jamus, doka ta tilasta mata killace kanta da ta dawo. A 2021 kuma ya maye gurbin Bruno Tonioli, wanda ya shafe shekaru yana shawagi kowane mako tsakanin Landan da Los Angeles domin alƙalanci a ƙasashen biyu, har dokokin hana zirga-zirga suka tsare shi a Amurka. A can Amurka ma haka aka yi: a 2020 Len Goodman ya kasa tsallakawa daga Ingila, sai aka ɗora Derek Hough, gwanin da ya ci gasarsu sau shida. Masu karatunmu da suka ga rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da rufe hanya ke yi wa mai kasuwa biyu, da yadda wani ke samun rumfa a dalilin haka.

Ita kanta kujerar Oti a Dancing on Ice abin dubawa ce. Ba a kan ƙanƙara ta yi suna ba. A gefenta akwai Jayne Torvill da Christopher Dean, waɗanda suka ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na hunturu a Sarayebo a 1984, su ne masanan takalmin ƙanƙara. Abin da ake nema a wurin Oti shi ne ta duba tsarin rawa da motsin jiki, sannan ta zo da masoyanta. Wato gidan talabijin yana sayen ilimi, amma fuskar da jama'a ke so ya fi saye.

Ko ikon da ake gani a hannun alƙali ma rabi ne. A 2008 alƙalai sun yi ta ba tsohon ɗan jarida John Sergeant maki mafi ƙanƙanta mako bayan mako, jama'a kuma suna ta ceto shi da ƙuri'unsu don yana ba su dariya, har sai da ya janye da kansa. Masu shirya shirin ba su yi asara ba, domin gardamar ta ƙara musu masu kallo. Alƙalin talabijin ba alƙalin zauren gasa ba ne. Shi ma ɗan wasa ne a cikin shirin, kuma ranar da masu kallo suka ragu, daga shi har kujerarsa kaya ne da za a kwashe. Abin da ya faru a Maris na 2025 ke nan.

Abin da ya rage a hannu

To, shin kuskure Oti ta yi da ta bar fage? Alamu ba su nuna haka ba, kuma dalilin shi ne ba ta zuba jarinta duka a rumfa ɗaya ba. A shekarar da ta bar Strictly ta zagaya Birtaniya da wasan rawa nata na kanta, ta tsara raye-rayen wani wasan dandamali kan rayuwar mawaƙiya Cher, wanda Arlene Phillips ɗin nan da aka sauke a 2009 ta ba da umarni. Ta gabatar da shirye-shirye, ta rubuta littattafan yara. Kafin 2025 ta ƙare kuma, gidan talabijin na RTÉ na ƙasar Ayilan ya ba da sanarwar ɗaukarta a matsayin shugabar alƙalan gasarsa ta Dancing with the Stars. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Yayarta Motsi ta bi wata dabarar. Bayan kujeru a ƙasashe biyu, ita da mijinta sun buɗe makarantar koyar da rawa a kusa da birnin Frankfurt. Kujerun na masu gidan talabijin ne, makarantar kuwa tata ce.

Idan aka tattara, ƙaura daga rawa zuwa alƙalanci tana tsawaita wa mai sana'a kwana, tana raba shi da fargabar rauni, tana kuma mayar da shekarunsa abin alfahari. Amma ba ta mayar da shi mai gida. Mutum ɗaya cikin masu yawa ke samun ta, sau da yawa sa'a na da hannu a ciki, kuma ana iya karɓe ta a rana ɗaya ba tare da ya yi laifin komai ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Waɗanda suka ci ribar wannan ƙaura su ne waɗanda suka tashi tun ana marmarinsu, suka kiyaye amanar makin da suke ɗagawa ko a kan na gida, suka kuma yi amfani da hasken kujerar wajen gina abin da ba a iya soke shi da sanarwa ɗaya. Gwanayen rawa da ke fage a yau suna kallon kujeru huɗun nan, kowa na fatan wata rana tasa ce. Mai hankali a cikinsu zai nemi kujerar, amma zai tambayi kansa tun yanzu: idan aka naɗe tabarmar shirin gobe, mene ne nawa?